Efren Reyes: laifin tebur ne ko na caca?

Sau da yawa idan uba ya ga ɗansa riƙe da sandar biliyar, wato wasan tura ƙwallaye cikin ramukan tebur, sai ya ce yaro ya lalace. Ni dai ina ganin a sake tunani.

Ku dubi Efren Reyes, ɗan ƙasar Filipin, wanda aka haifa a 1954 cikin gidan talakawa. Yana ɗan shekara 5 aka kai shi Manila wajen kawunsa mai gidan biliyar. Nan yake aiki, bisa tebur yake kwana, kuma sai ya taka akwatin lemo kafin hannunsa ya kai ga ƙwallo. Da ya taso, da caca yake samun na abinci. Gasa ce ta fito da shi duniya: a 1985 ya ci wata a birnin Houston na Amurka, a 1999 ya zama zakaran duniya, a 2006 ya lashe dala 500.000 a gasa guda.

To amma kada matasanmu su ruɗu. Yara nawa ne suka kwana bisa irin wannan tebur, caca ta cinye su, babu wanda ya san sunansu?

Saboda haka kira nake ga hukumomin wasanni: a shirya gasa mai doka da alƙali, a hana sa kuɗi, a kuma bar lokacin makaranta ga makaranta. Iyaye kuma, cacar za ku kora, ba yaron ba.

Allah ya shirya mana zuriya.