Kare Ba Ya Zuwa Gaban Alƙali, Mai Shi Ke Zuwa

 

Ya 'yan'uwa, da kakar da ta wuce na je wani ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram duba ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 9, wanda kare ya yaga wa ƙwauri yana dawowa daga makarantar allo. Yara uku sun ga karen, sun kuma ga gidan da ya shige. Da aka tunkari mai gidan, wani ɗan farauta, sai ya fara da rantsuwa cewa ba nasa ba ne. Da ya ji maganar za ta kai ga mai unguwa, kafin gari ya waye kare ya yi ɓatan dabo. Daga baya kuma ya ce ko da nasa ne, ai a Musulunci ɓarnar dabba ba ta da ramuwa. Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni barci.

Haƙiƙa akwai hadisi ingantacce mai nuna cewa raunin da dabba ta yi ba a biyansa. To amma malamai sun fassara shi da dabbar da ta kuɓuce ba tare da sakacin mai ita ba. In ba haka ba, yaya za mu yi da hukuncin da Annabi (SAW) ya yanke a kan taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar mutane, inda ya ɗora wa masu dabbobi biyan abin da suka ɓata da dare? Yana nan cikin Muwaɗɗa. Abin mamaki, mutumin da saniya za ta ci masa kunya biyu ta gero ya tayar da gari sai an biya shi, shi ne zai ce jinin ɗan maƙwabcinsa ya tafi a banza. Ashe gero ya fi ɗan Adam alfarma?

Malaman Malikiyya ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. A cikin Muhtasar, Shehu Halilu ya jera ajiye kare mai cizo tare da haƙa rijiya da ɗaure dabba a kan hanya, cikin sabubban da ake kama mutum da su ko da hannunsa bai taɓa kowa ba. Idan an riga an gargaɗi mai kare bai tsare shi ba, har ya halaka wani, diyya ta hau kansa. Idan kuwa da gangan ya ajiye shi domin ya cutar da wani takamaimai, kuma shi ɗin ya halaka, magana ta koma ta ƙisasi. Wasu daga cikin malaman baya sun ga dacewar a ɗora wa wanda ya jawo rauni ladan mai magani. Saboda haka ya ɗan'uwa, in kare ya fara bin yaranka, je ka gargaɗi mai shi a gaban shaidu ko a gaban mai unguwa. Gunaguni a zaure ba gargaɗi ba ne.

Ba ina cewa a daina kiwon kare ba. Shari'a ta yarda da na farauta da na kiwo da na gona. Har ana ba da labarin cewa mai littafin Risala, Ibnu Abi Zaid, ya ajiye kare domin tsaron gidansa, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Kuma ba duk wanda aka nuna da yatsa ke da laifi ba, ga karnuka marasa iyayengiji nan suna yawo a bakin kasuwa da mahauta. Hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan mai musu. Sai dai wanda ya rantse alhali ya san karensa ne, ya ɗauko abin da ya fi kuɗin allura nauyi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɓatar da karen. Likitoci sun ce a ɗaure karen da ya yi cizo a sa masa ido kwana 10. In ya wuce su lafiya, ba ya ɗauke da ciwon hauka a yawunsa ranar da ya yi cizon. In kuma ya mutu ko an kashe shi, a kai wa ma'aikatan dabbobi kansa, ana iya gwada ƙwaƙwalwarsa a cibiyar bincike ta Vom da ke jihar Filato. Wanda ya kore shi daji ko ya binne shi a ɓoye, ya binne amsar da uwa ke jira ne. Ciwon haukan kare kuwa in alamunsa suka bayyana, da wuya a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wanda aka ciza ba zai zauna jiran kwana goman ba: a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a fara allura. Ƙona gashin kare a barbaɗa a gyambo, kamar yadda wata tsohuwa ta ba mu shawara, ba ya maganin komai.

Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a tun shekarar 2000, kotuna suna nan, amma mutanenmu sun ɗauki kai ƙarar maƙwabci abin kunya, sai a ce a bar wa Allah. Yafiya hakkin wanda aka zalunta ce, ba hakkin dattawan da ke son a rufe magana ba. Mijin ƙanwata buhun riɗinsa ya sayar aka kammala wa yaron allurai a Birnin Kudu, kuma alhamdu lillahi ya warke. Mai karen ko sannu bai zo ba, sauran karnukansa biyu suna nan a sake a hanyar da yara ke bi. Na shawarci mijin ƙanwata ya tara shaidunsa da takardun asibiti, ni zan raka shi kotu.