Masana kimiyya su fara da tsaftace ɗakunan gwaje-gwajensu

Daga ɗakunan gwaje-gwaje ne duniya ta samu alluran rigakafi da magunguna, da ma hujjojin da suka tabbatar da sauyin yanayi. Sai dai waɗannan ɗakuna su ma suna gurɓata muhalli, kuma ba kasafai ake neman ba'asi daga gare su ba.

A shekarar 2015 wasu masu bincike a Jami'ar Exeter da ke Ingila suka lissafa sharar robar da sashensu ke zubarwa, suka yi ƙiyasin ta duniya da ita. Abin da suka wallafa a mujallar Nature ya nuna cewa ɗakunan binciken halittu da lafiya da noma sun zubar da kimanin tan miliyan 5.5 na roba a 2014 kaɗai. Yawancinta safar hannu ce da ƴan bututu da ƙananan faranti, waɗanda ake amfani da su sau ɗaya a jefar.

Wutar lantarki ma haka. Firizar da ake ajiye samfurin jini da ƙwayoyin cuta a ciki tana aiki dare da rana a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kuma guda ɗaya na iya shan wutar da gida sukutum ke sha a Turai. Idan aka mayar da ita digiri 70 ƙasa da sifili, wutar kan ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma samfura da dama ba sa lalacewa. Akwai kuma akwatin zuƙe hayaƙi mai guba. Idan aka bar murfinsa a buɗe, yana fitar da iskar da aka kashe wuta wajen sanyaya ta ko ɗumama ta. Jami'ar Harvard a Amurka ta shafe shekaru tana sa ɗakunanta gasar rufe wannan murfi.

Masu kare tsarin da ake kai suna da hujja. Robar da ta taɓa ƙwayar cutar Lassa ko Ebola dole a kashe ƙwayoyin da ke jikinta a ƙona ta, kuma ƙazanta kaɗan na iya ɓata binciken shekara guda. Wanke kwalabe shi ma yana cin ruwa da wuta. Amma wannan hujja ba ta shafi firizar da aka cika da samfuran ɗaliban da suka daɗe da kammala karatu ba, ko na'urar da ke kwana a kunne babu mai amfani da ita. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Matsalar ita ce mai bincike ba shi ke biyan kuɗin wuta ba, jami'a ce ke biya, don haka babu abin da ke tilasta masa tsimi. Shi ya sa maganin yake hannun masu ba da kuɗin bincike. Kwalejin UCL da ke Landan ta ƙirƙiro tsarin LEAF na tantance yadda ɗakin gwaji ke tattalin wuta da ruwa da roba, kuma gidauniyar Wellcome ta sanya irin wannan tantancewa cikin sharuɗɗan tallafinta.

A Najeriya, inda ɗakunan gwaji da yawa suka dogara da janareta, kowace firiza mai ɓarnar wuta ƙarin man dizal ce da hayaƙi. Ya kamata TETFund, wadda ke ɗaukar nauyin bincike a jami'o'in gwamnati, ta riƙa tambayar duk mai neman tallafi yadda zai rage shan wuta, da inda zai kai robarsa da ragowar sinadaransa, kafin ta sakar masa kuɗi.