Filin Mata: Zoɓo da Abin da Ake Ci da Shi

Yau zancenmu na zoɓo ne, wanda ake yi da furen yakuwa. Zoɓo na kirki ja ne garau, mara nauyi, mai ɗan tsami. Kada ya daɗe a wuta, sai ya yi ɗaci. Kada kuma ki cika masa kanwa, baƙi zai yi. Citta, kanumfari, ɓawon abarba da sukari kaɗan sun isa.

In maigida ya yi baƙi, ki kai musu shi da sanyinsa tare da tsire, masa ko ƙosai, domin tsaminsa yakan kashe maiƙo. Amma kada ki haɗa shi da fura da nono, tsami ne a kan tsami. Sai mako mai zuwa.