Ƙaramin Inji, Babban Ciki

Ina roƙon ku ara mini hankalinku na ɗan lokaci in yi magana a kan wata mota. Na san wani zai ce, "Ina ruwan ɗan makaranta da zancen mota, shi da ko keke ba shi da shi?" Gaskiya ne, ba ni da keke. Amma saboda motar nan saura ƙiris a sayar da wata gona a danginmu, gona mai itatuwan dabino waɗanda kakanmu ya dasa da hannunsa. Kun ga kuwa da ruwana a ciki.

Ga yadda abin ya faru. A hutun da ya wuce, ɗan wan babana, wanda muke kira Yaya, ya dawo Dutse daga Kano yana ta zumuɗi. Ya ga wata jar mota a wurin dillalai, irin na hannun nan da ake shigowa da su daga waje, sunanta Mazda RX-8. Ya nuna mana hotonta a waya. Kai, motar ta haɗu! Tana kwance a ƙasa kamar kada, ƙofofinta na baya kuma ta baya suke buɗewa. Ya durƙusa gaban Baba ya ce yana so ya sayar da rabonsa na gonar gado ya cika kuɗin. Ya ce, "Baba, injinta lita 1.3 ne kacal, ko na Corolla ya fi shi girma. Dillalin ya ce lasar mai kawai take yi." Baba ya yi shiru, can ya dube ni ya ce, "Kai da kake karatun kimiyya, je ka binciko mana gaskiyar maganar nan."

Na je wurin malaminmu na Fiziks, na kuma je wurin wani dattijon makanike da ya daɗe yana gyaran motoci tun zamanin Fijo 504 ta Kaduna. Abin da na samo shi ne wannan: motar nan tana cikin masu shan mai na gaske, kuma shan man nata ba ciwo ba ne da za a kai ta gareji a warkar. Haka aka halicce ta.

Injin motocin da muka saba gani yana da fistin, wanda ke hawa da sauka a cikin silinda kamar taɓarya a turmi. Ya shaƙi iska da fetur, ya matse su, fulogi ya kunna wuta, ƙarfin wutar ya tura fistin ƙasa, sannan ya fitar da hayaƙi. Ita kuwa wannan mota ba ta da fistin ko ɗaya. A cikin injinta akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, wato alwatika mai ɗan tumbi a kowane gefe, bari mu kira shi majuyi. Yana juyawa a cikin wani gida mai siffar ɓawon gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Kusurwoyinsa uku suna goga bangon gidan, suna raba shi ɗaki uku, kuma yayin da yake juyawa ɗakunan suna buɗewa suna tsukewa. Ana shaƙa a wannan ɗaki, ana ƙonawa a wancan, ana fitar da hayaƙi a na ukun, duk a lokaci guda. Majuyi biyu ne a cikin RX-8. Wani Bajamushe mai suna Felix Wankel ya ƙago wannan inji, aka fara tayar da shi a kamfanin NSU a 1957. Abin dariya, shi kansa Wankel bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba.

To, ina zancen lita 1.3? A nan ne aka yi wa Yaya rufa-ido, ko da yake ba a yi masa ƙarya ba. A injin fistin, kowace silinda sau ɗaya take ƙona mai a cikin juyi biyu na sandar injin. A injin Wankel kuwa, kowane majuyi yana ƙona mai a kowane juyi ɗaya na sandar. Saboda haka abin da aka rubuta 1.3 yana haɗiyar iska da fetur kamar injin fistin mai lita 2.6. Ɗan ƙaramin mutum ne da ke kai loma biyu kafin ƙato ya kai ɗaya.

Da a nan maganar ta tsaya da da sauƙi, don mai cin abinci da yawa in yana yin aiki daidai cinsa ba a ƙorafi. Matsalar ita ce yawancin abin da injin nan ya ci ɓarnatar da shi yake yi. Malaminmu ya ba ni misalin da ba zan manta ba. Ya ce in zuba koko mai zafi a kofi, in zuba wani a faffaɗan faranti, in ga wanda zai riga hucewa. Kowa ya san na faranti ne. Ɗakin da fetur ke ƙonewa a injin fistin a dunƙule yake kamar kofi. Na injin Wankel kuwa dogo ne, siriri, shimfiɗaɗɗe kamar faranti. Zafin da ya kamata ya tura mota gaba sai ya bi bangon ƙarfe ya tsere, ya tafi lagireto, iska ta kwashe shi. Ka sayi fetur da kuɗinka, ka ƙona, ka ɗumama sararin Allah.

Har wa yau, ɗakin nan ba a tsaye yake ba, tafiya yake yi, yana kora iskar da ke cikinsa gaba. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar daji da hunturu ya san wuta tana gudu in ta bi iska, amma da ƙyar take rarrafawa in ta fuskance ta. Haka wutar fulogi take yi a nan. Tana cin abin da ke gabanta da sauri, amma kafin ta kai ga fetur ɗin da ya maƙale a kusurwar baya, lokaci ya ƙure. Don rage wannan ne aka sa wa kowane majuyi fulogi biyu, kuma a RX-8 aka mayar da mafitar hayaƙi gefe don wani abu daga ɗanyen man ya koma a sake ƙona shi. An rage, amma ba a kawar ba.

Sai kuma ƙarafunan da ke bakin kusurwoyin nan uku, waɗanda ke aikin da ringi ke yi a injin fistin, wato hana iska zurarewa. Kullum suna cikin gogar bango, don haka suna cinyewa. In sun cinye, matsi ya ragu, ƙarfi ya ragu, wanda ke tuƙi ya ƙara taka totur, mai ya ƙara tafiya. Don kada su cinye da wuri, injin da kansa yake ɗiga baƙin mai a cikin ɗakin wuta ya ƙone tare da fetur. Dattijon makanike ya yi dariya da muka zo nan. Ya ce, "Ɗana, mu in mota ta fara shan baƙin mai cewa muke yi a sauke inji. Wannan kuwa da gangan aka yi ta tana sha." Kamfanin da kansa ya shawarci masu ita su riƙa duba baƙin mai bayan kowane shan fetur biyu.

Kada a ce na tsani motar ne. Wallahi ta burge ni. Injinta ƙarami ne, ba nauyi, ba jijjiga, yana iya juyi 9,000 a minti ɗaya yana ta kuka kamar ƙudan zuma. Da irin wannan inji kamfanin Mazda ya ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jiharmu ta Jigawa, kuma kafin nan babu motar Japan da ta taɓa cin wannan tsere. Amma a nan ma akwai tarko. Ƙarfin injin yana can sama ne, sai an ja giya ta yi kuka. A ƙasa-ƙasa, a cikin gari, raggo ne. Wanda kuwa ya sayi irin wannan mota ai ba don ya yi tafiyar hawainiya ya saya ba.

Tarihi ma ya riga ya yanke hukunci. Kamfanin NSU ya fito da mota mai wannan inji, Ro 80, a 1967, aka yi ta yabonta, amma cinyewar ƙarafunan kusurwa ta jawo masa asara, a 1969 ya shiga hannun Volkswagen. Mazda, wanda ke birnin Hiroshima, ya rungumi injin hannu biyu, sai tsadar mai ta 1973 ta zo, Amurkawa suka guji motocinsa, har sai da banki ya tallafe shi. Ya ci gaba da RX-7 daga 1978 zuwa 2002, sannan RX-8 daga 2003. A 2010 aka daina sayar da ita a Turai don hayaƙinta bai cika sabuwar ƙa'ida ba, a 2012 aka daina ƙera ta ɗungurungum. Da Mazda ya dawo da injin a 2023, aikin janareta ya ba shi, ya riƙa cajin batirin wata mota mai lantarki. Wato motar da Yaya ke mafarki, ko ƙaramarsu ta haura shekara goma da haihuwa.

Bari mu yi lissafi, tun da mu 'yan makaranta ne. Gwajin hukumar Amurka ya nuna RX-8, tana sabuwa, tana yin kusan kilomita 7 da lita ɗaya a cikin gari, kusan 9 a kan babban titi. Corolla ta zamaninta mai inji 1.8 tana yin kusan 11 a gari, 15 a titi. Daga Dutse zuwa Kano ta Wudil, zuwa da dawowa, ya haura kilomita 200, amma mu bar shi a 200. Jar motar za ta sha lita 22, Corolla lita 13. Tsakaninsu lita 9 a tafiya ɗaya tak. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, farashin gwamnati bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, a ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Mu a Jigawa ba sai an gaya mana abin da fetur ya zama ba. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, mutane suka taru ɗiban man da ke zuba, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Abin da talaka ya sa ransa a kai ke nan, shi wani ke so ya riƙa turawa ta salansa don a juyo a kalle shi.

Kuma lissafin nan na sabuwar mota ne a ƙasar da ba ƙura. Kawo ta Dutse ka gani. Ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Zafin bazara ya tilasta kunna na'urar sanyi. Tafiyarmu a gari gajera ce, daga gida zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa sakatariya, inji bai gama ɗumi ba an kashe shi, alhali inji mai sanyi ya fi shan mai. Ita wannan ma tana da wani hali: in ka tayar da ita da sanyin safiya ka kashe nan take, fetur na iya jiƙa fulogi ta ƙi tashi. Kwail ɗinta da ke ba fulogi wuta ba ya jimiri, in ya raunana sai ɗanyen mai ya riƙa wucewa. Ƙara da man 'yan bumburutu wanda ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Makaniken nan ya ce mini kayan Corolla da na Golf ko da rana tsaka ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ka same su, amma na wannan sai an yi oda, kuma ko awon matsinta da na'ura dabam ake yi. Ya ce, "In ka kawo mini ita zan gaya maka gaskiya, ban taɓa buɗe irinta ba. Wani kuwa ba zai gaya maka ba, zai koya ne a kanta da kuɗinka."

Shi ya sa nake ganin laifinmu ne mu matasa, da ni a ciki, don ni ma da na ga hoton nan na manta da gona. Mukan tambayi kuɗin mota da gudunta, ba ma tambayar abin da za ta ci a wata. Iyaye kuma sukan ce "a'a" kawai ba tare da dalili ba, yaro ya ɗauka baƙin ciki ake yi masa, ya je ya yi a ɓoye. Da Baba ya hana Yaya da tsawa, da yanzu wataƙila gonar tana hannun wani. Mai kuɗin da ya tara motoci uku, in ya sayi wannan don sha'awa ya riƙa fita da ita ran Juma'a da yamma, ba ni da ta cewa, kuɗinsa ne. Amma dabino yana ba da 'ya'ya kowace shekara a kai Shuwarin a sayar, motar nan kuwa kowace safiya ita za ta miƙo hannu.

Na rubuta lissafin a takarda na kai wa Yaya. Ya karanta ya ce dillalin ya rantse masa. Na ce, "Yaya, ba sai ka yarda da ni ba. Ka roƙe shi ku cika tanki, ka rubuta lambar kilomita, ku je Wudil ku dawo, ku sake cikawa, ka raba kilomita da lita. In ta yi 12, ni zan wanke maka ita shekara guda kyauta." Ya koma Kano da wannan sharaɗi. Dillalin ya ce shi ba ya ba da mota a yi yawo da ita, in saye za a yi a saya.

Har yau hoton yana kan fuskar wayar Yaya. Gonar kuma tana nan, jiya ma ni aka aika in kai wa masu aiki abinci.