Raddi Ga Mai Cewa Kisan Ba'are Hatsari Ne, Kuma Zancensa Ya Wuce

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata maƙala da wani malami daga cikin malaman ƙasarmu ta Magarya ya rubuta, wadda ta zaga hannun masu karatu tun daga Bande da Waca har Dungas da Dogo-Dogo, a cikinta kuwa ya yanke cewa mutuwar Janar Ibrahim Ba'are Mainasara, tsohon shugaban Jamhuriyar Nijar, hatsari ce da ta auku bisa ƙaddara, in ma ba hatsari ba ce to aikin baƙin ƙasashe ne, kuma tun da al'umma ta yi afuwa, mai tono zancen yau fitina yake nema. Malamin nan ya girme ni ga shekaru, ya fi ni karatu, na sakaya sunansa don girmamawa. Amma al'amarin jini ya fi ƙarfin kunya, saboda haka zan bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, da ladabin da ya kamaci ƙane a gaban wansa.

Mu fara da abin da babu saɓani a kansa. Ran Jumma'a 9 ga Afrilu 1999, wadda ta faɗo cikin Zulhajji, wata mai alfarma, shugaban ya isa sashen soji na filin jirgin saman Yamai da hantsi, zai hau jirgi mai saukar ungulu zuwa Inates, wajen iyakar Mali. Ya karɓi gaisuwar sojojin da suka jera masa, ya doshi jirgin, sai aka buɗe wuta, ya faɗi, waɗansu daga cikin waɗanda ke tare da shi su ma suka rasa rayukansu. Masu tsaron fadarsa suna wurin, shugabansu kuwa Kwamanda Dauda Malam Wanke ne. A ranar firaminista Ibrahim Hasan Mayaki ya yi jawabi ta rediyo, ya kira abin hatsari na rashin sa'a, ya ba da sanarwar rushe majalisar dokoki. Ran 11 ga watan aka naɗa Wanke shugaban majalisar soji mai riƙon ƙasa, gawar kuma aka kai ta Dumega, cikin ƙasar Arewa, aka yi mata sutura.

Hujjar Malam ta fari ita ce hukuma da bakinta ta ce hatsari ne, kuma bindiga a hannun soja tana iya tashi ba da nufi ba. Allah ya gafarta Malam, hukumar da ta faɗi haka ita ce dai ta warware maganarta a rubuce bayan wata uku, domin kundin tsarin mulkin da aka yi wa ƙuri'ar raba gardama ran 18 ga Yuli 1999 ya zo da aya ta 141, wadda ta yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afrilu 1999. Ran 9 ga Afrilu babu wani abin da ya faru a Yamai wanda za a kira juyin mulki in ba harbin nan ba. In har ya zama juyin mulki ne mai masu aikatawa, waɗanda suke bukatar doka ta kāre su daga alƙali, to ya fita daga babin kuskure ya shiga babin ganganci, don ba a kifar da gwamnati bisa tuntuɓe. Bayan wannan, shaidun da ƙungiyar Amnesty International ta ji daga bakinsu, ta kuma wallafa bayaninsu a shekarar 2000, sun ambaci manyan bindigogi irin waɗanda ake girkawa bisa mota, da harbin da bai tsaya a karo guda ba. Mai hankali ya san bambancin harsashi ɗaya da ya kuɓuce wa mai goge bindiga da ruwan wuta da aka maimaita bisa mutum guda.

Mu ƙaddara ma, don a ƙure magana, cewa kuskuren ne. Malam ya karantar da Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ga almajirai masu yawa, ya san babin jinane sarai, ya san kisan kuskure yana da hukuncinsa: diyya bisa dangin wanda ya yi kisan, da kaffara bisa wuyansa shi kansa. Yaya za a ɗora diyya bisa dangin mutumin da ba a ambaci sunansa ba? Wa zai yi azumin wata biyu a jere? Ko direban da ya kaɗe yaro a hanyar Magarya zuwa Tinkim, jandarmomi sukan zo su auna wurin, su rubuta sunansa da lambar motarsa, likita ya duba gawa, sa'an nan a ce hatsari ne. Kalmar hatsari ƙarshen bincike ce, a nan kuwa an furta ta tun jini bai bushe ba, kuma har yau babu sojan da ya tsaya gaban alƙali ya ce hannuna ne ya kuskure.

Hujja ta biyu ita ce hannun baƙi. Malam ya karkata ga Faransa, kamar yadda waɗansu a majalisun hira suke karkata ga Nijeriya, suna cewa tun da Janar Sani Abaca ya rasu ran 8 ga Yuni 1998 Ba'are ya rasa majinginarsa. Waɗansu kuma suna nuna 'yan siyasar cikin gida da yatsa, saboda kotun ƙoli ta soke sakamako mai yawa na zaɓen ƙananan hukumomi na 7 ga Fabrairu 1999, 'yan adawa suka fito suna kiran shugaban ya sauka, kwana kaɗan kafin harbin. Duk waɗannan zato ne, kuma zato ba ya zama bayyina kome yawan masu faɗinsa. Abin da aka sani a fili shi ne Faransa ta dakatar da taimakonta bayan kisan, Tarayyar Turai kuma ta nemi a yi bincike. Wannan bai wanke kowa ba, bai kuma kama kowa ba. Amma ina roƙon Malam ya dubi inda hujjarsa ta kai shi: in da gaske wata ƙasa ce ta sayi hannun masu tsaron shugabanmu ta kashe shi a babban birninmu, to wannan ya fi kome wajabta bincike, domin wanda aka saya sau ɗaya ba a san ranar da za a sāke sayen irinsa ba. Kuma ko wane ne ya ba da umurni daga nesa, shari'a tana farawa daga wanda ya yi mubashara da hannunsa, daga bakinsa ake jin wanda ya aike shi. Wannan ƙofa ita ce aka toshe, shi ya sa kowa ke gina tasa ƙissa, har ana tuhumar mutanen da wataƙila ba su ji ba su gani ba. Rashin bincike zalunci ne ga mamacin, zalunci ne kuma ga duk wanda ake zargi bai samu inda zai wanke kansa ba.

Hujja ta uku ita ce wadda na san ta fi shiga zukatan mutanenmu, Malam kuma ya faɗe ta da zafi: wanda ya hau da bindiga, in ya sauka da bindiga, kansa ya jawo wa. Ba na musun ciwon. Mu mutanen Damagaram mun san abin da aka yi mana ran 27 ga Janairu 1996, sa'ad da Ba'are ya tumɓuke Mahaman Usman, ɗan wannan jiha, shugaban farko da aka zaɓa cikin takarar jam'iyyu da yawa a 1993, wanda ƙauyukan Magarya da Dungas suka yi wa ruwan ƙuri'u. Mun san abin da ya faru a zaɓen 7 da 8 ga Yuli 1996, yadda aka rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidaya, aka kafa wata, aka tsare 'yan takara a gidajensu, aka ce Ba'are ya ci da kashi 52 cikin ɗari. Waɗannan laifuffuka ne manya, da an gurfanar da shi a kansu da ni ma na yi murna. Sai dai babu mazhabar da ta ce mai laifi jininsa ya halatta ga duk wanda ya riga samun sa'a a kansa, balle ga waɗanda aka ba amanar tsaron ransa, suna cin albashi a kan haka. Kisan da aka yi wa mutum ta hanyar yaudara, yana cikin amincewa, malamanmu na Malikiyya sun tsananta hukuncinsa ƙwarai, har Risala ta bayyana cewa kisan gilla babu afuwa a cikinsa. Sa'an nan waɗanda suka mutu tare da shi fa? Su wane zaɓe suka murɗe? Malam bai ambace su ko da layi ɗaya ba, alhali kowannensu ya bar gida da iyali.

Yanzu sai babbar hujjarsa, wadda ya fi tsawaitawa a kanta, wato afuwa. Ya ce jama'a ce ta jefa ƙuri'a ta yafe, majalisa kuma ta tabbatar da haka da doka cikin Janairu 2000, bayan Tanja Mamadu ya karɓi mulki. Ya kawo misalin Sayyidina Ali, Allah ya ƙara masa yarda, wanda bai gaggauta ƙisasin waɗanda suka kashe Sayyidina Usman ba don gudun ɓarna mafi girma. Amsa a nan fuska uku ce. Ta farko, abin da malaman Sunna suka naƙalto shi ne Ali jinkirtawa ya yi har ƙasa ta natsu, bai ce haƙƙin ya faɗi ba, bai kuma rubuta dokar da za ta hana a nemi masu kisan har abada ba. Tsarin mulkin 1999 kuwa sai da ya sa ayar afuwar nan cikin ayoyin da aka haramta gyarawa. Ta biyu, ƙuri'ar da Malam yake jingina da ita ba a ware maganar afuwa a cikinta aka tambayi mutane ba. An haɗa ta ne da komawa mulkin farar hula a ƙunshi guda, wanda ya ƙi ɗaya ya ƙi duka, kuma waɗanda suka fito jefa ƙuri'ar ba su kai sulusin masu rajista ba, waɗanda za su ci moriyar afuwar kuma su ne ke riƙe da ƙasa a lokacin.

Fuska ta uku ita ce asali. Haƙƙin jini na waliyyan mamaci ne, su ke da ikon neman ƙisasi, ko karɓar diyya, ko yafewa don Allah. Sarki ba ya yafe shi a madadinsu, jama'ar gari ma ba ta yafe shi, ko da sun taru kaf. Malam ya zauna zaman sulhu a fadar hakimi fiye da yadda zan ƙirga, lokacin kaka, sa'ad da rikicin manomi da makiyayi ya kai ga rai. Ya san yadda ake yi: a shimfiɗa tabarmi, dangin mamaci gefe guda, dangin wanda ya yi aika-aikar gefe guda, dattijonsu ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ambaci sunan ɗansu a gaban kowa, ya ce shi ne ya yi, mun zo neman arziki, sa'an nan liman ya yi nasiha, a juya ga uban mamacin ko wansa a saurara, ba mai cewa uffan sai ya buɗe baki. In ya ce na yafe, a shafa fatiha. Ko a nan ma, a mazhabarmu, mai kisan ganganci da aka yafe wa ba ya tashi haka nan, akwai bulala ɗari da ɗaurin shekara. To iyalin Ba'are wa ya durƙusa a gabansu? Sun kai ƙara tun cikin 1999, aka rufe musu ƙofa da ayar afuwa, suka yi ta bin kotuna shekara da shekaru. Wanda aka hana shi sanin mai laifinsa an hana shi har ladan yafewa.

Daga ƙarshe Malam ya ce an riga an yi hukunci, Wanke kuma ya rasu tun 15 ga Satumba 2004, shekaru sun tura, shaidu sun watse. Hukuncin da yake nufi shi ne na kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ran 23 ga Oktoba 2015, wadda ta umurci gwamnatin Nijar ta biya iyalin miliyan 435 na sefa. Wannan hukunci hujja ce a kan Malam, domin kotun ta kama ƙasa ne da laifin tauye haƙƙin rai da hana iyalin samun shari'a. Kuɗin kuma na baitulmali ne, wato harajin talaka, har da na mai sayar da riɗi a kasuwar Dungas, alhali wanda ya harba bai biya ko dala ba. Rasuwar Wanke ta ɗauke shi daga hannun alƙalan duniya, mu kuwa ba mu yanke masa hukuncin da kotu ba ta yanke ba. Amma ba mutum ɗaya ne ke filin jirgin ba a ranar. Batun tsawon zamani kuma, maƙwabtanmu na Burkina Faso sun amsa shi: an kashe shugabansu Toma Sankara ran 15 ga Oktoba 1987, aka buɗe shari'a cikin Oktoba 2021, bayan shekara 34, aka saurari shaidu a bainar jama'a, cikin Afrilu 2022 aka yanke wa Blaise Compaoré, wanda ya gaje shi a mulki, da mutum biyu ɗaurin rai da rai, ƙasar kuwa ba shari'ar nan ce ta jefa ta cikin wahalar da take ciki ba. Mu da muka zaɓi shiru, juyin mulki bai ƙaurace mana ba, ya dawo a 2010, aka sāke rubuta wata afuwar a tsarin mulki, ya kuma dawo a 2023.

Saboda haka, Allah ya gafarta Malam, roƙona gare ka shi ne ka janye kalmar hatsari daga maƙalarka, ka sanar da almajiranka cewa ka janye ta, ka kuma sa muryarka, wadda ake saurare daga Magarya har Damagaram, cikin masu kiran hukuma ta ɗauki bayanin sojoji da ma'aikatan da ke filin jirgin saman Yamai ran 9 ga Afrilu 1999, bisa rantsuwa, tun sauran waɗanda suka gani da idonsu suna da rai.