Mun manta da shekarar El Buhari ne?



Akwai wata magana da ke yawo a kasuwanninmu, tun daga Madawa har Buza, har nan Keita da Tamaske. Ana faɗinta a bakin tasha, ana faɗinta wurin mai shayi, har a ƙofar masallaci bayan la'asar. Wai ƴan gudun hijiran da suka ƙetaro daga ƙasar Sakkwato su ne suka kawo mana tsadar hatsi. Wai su suka kawo sata, su ne idon ɓarayin daji a cikinmu, a mai da su inda suka fito. Ni na ce maganar nan ƙarya ce, kuma abin kunya ce a bakin Ba'adare ko Bagobiri. Ka biyo ni sannu ka ji dalili. In an karanta maka ne, ka ce wa mai karatun kada ya yi sauri.

Su wane ne mutanen nan tukuna? Manoma ne kamarka, masu gero da dawa da wake, daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa da Goronyo. Tun shekarar 2019 suka fara kwararowa jahar Maraɗi, wajen Gidan Runji. A watan Afirilu na 2020 kaɗai, mutum 23,000 suka ƙetaro. Ran 27 ga Mayu na shekarar aka faɗa wa ƙauyukan Sabon Birni, aka kashe fiye da mutum 70 a yini guda. Ran 17 ga Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo tana tsakar ci, fiye da 40 suka rasu. Watan da ya biyo, hukumar HCR mai kula da ƴan gudun hijira ta ƙidaya fiye da mutum 11,500 da suka shigo Nijar, galibinsu suka sauka a ƙauyuka 26 na karkarar Bangi, cikin ƙasar Madawa. Can sun tarar da wasu 3,500 da suka riga su tun watan Satumba. Yawancinsu mata ne da yara. A Disamba kuma aka tare mota a hanyar Sabon Birni, aka cinna mata wuta da mutane a ciki.

Ka lura da abu guda. An ce ƙauyuka 26, ba a ce sansani ba. Wato talakawan Bangi ne suka buɗe zaurukansu, suka raba tuwo, suka ba da tabarma, tun kafin motar taimako ta farko ta iso. Waɗanda suka ɗauki kayan ba su ne masu yawan ƙorafi ba. Masu ƙorafin galibi suna nesa, ba su taɓa ba baƙo ko ludayin fura ba.

Abin da ya kore su ma, har yanzu ana jin nauyin kiransa da sunansa. Ana cewa ɓarayin shanu, ana cewa ƴan bindiga. To, ɓarawo da muka sani yakan zo da dare, ya ɗauka, ya gudu. Wane irin ɓarawo ne ke aza wa gari haraji kafin a yi shuka, ya sake aza wani kafin a yi girbi? Wane ɓarawo ne ke tuɓe mai gari ya naɗa nasa, ya hana kasuwa ci, ya kama mutum ya ce sai an sayar da gona an fanshe shi? Wannan yaƙi ne a kan talaka. Lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, an kira abin yaƙi, shi ya sa a watan Yuli na 1968 manyan Afirka suka taru a Yamai, zamanin Diori Hamani, suna neman sulhu da hanyar kai wa mayunwata abinci. Amma wanda Bello Turji da ire-irensa suka kora, ana ce masa ɓarayi ne suka dame shi, ya yi haƙuri. Abin da aka ƙi ba suna, ba a yi masa taro, ba a tara masa kuɗi.

Kuma mu mutanen Keita muna tsakanin wuta biyu ne, kada mu ruɗi kanmu. Ta arewa ta girmi ta kudu. Yaƙin Mali ya tashi a 2012, masu gudu suka zo da dabbobinsu aka sauke su a Intikan da Tazalit, cikin jaharmu ta Tawa. Ran 6 ga Oktoba 2016 aka kashe sojojinmu 22 masu gadin Tazalit. Ran 31 ga Mayu 2020 aka faɗa wa Intikan, aka kashe shugabannin jama'a, aka lalata wurin ruwa, dubban mutane suka sake ɗaure kaya. Ran 21 ga Maris 2021 aka kashe farar hula 137 a Intazayen da Bakorat da Wistan, ƙasar Tiliya. Waɗanda suka tsira daga nan ƴan Nijar ne, da katinsu irin naka. Kai mai cewa a mai da kowa garinsu, ina za ka mai da mutumin Bakorat?

Iyakar ma da ake tinƙaho da ita, shekarunta nawa? Faransa da Ingila ne suka ja ta bisa takarda, suka yi ta gyara har 1906, ba su tambayi kakan kowa ba. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, da kuma bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa gudu suka yi suka yo arewa, suka kafa Tsibiri. Daga Tsibirin nan ne wasu suka koma suka gina Sabon Birni. Tsohuwar da ke zaune yau a gindin bedi a ƙasar Bangi, da tsagar Gobir a kumatunta, tsagar nan ɗaya ce da ta mai gidan da ya sauke ta. Ta bi hanyar da kakanninta suka taɓa bi ne.

Yanzu bari mu zo kanmu, don nan ne maganar take da zafi.

Wane gida ne a Adar ba shi da ɗan biɗa? Da an gama girbi, samari sun ɗauki jaka sai Abijan, sai Kumasi, sai Legas, sai Libiya. Kwanon rufin da ke bisa ɗakunanmu, rabinsa guminsu ne a garin wani. Kuma mun san ɗacin kora, mun sha shi ba sau ɗaya ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi mako biyu su bar Gana. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari ta yi haka a Nijeriya, mako biyu ita ma, mutanenmu suka dawo a bayan manyan motoci kamar buhunan albasa, wasu ko kuɗin aikinsu ba su karɓa ba. Rikicin Kodibuwar na 2002 da na 2011 ya koro wasu. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro ƴan Nijar fiye da 200,000, da yawansu ƴan jahar nan ne, sun ratso hamada hannu wofi, an ce musu sojan haya ne don baƙar fatarsu. A lokacin me muka ce? Mun ce zalunci ne a ɗora wa ɗan ƙwadago laifin da bai yi ba. To, yau bakinmu ne ke faɗin abin da aka faɗa a kanmu.

Ka tambayi tsohonka ko tsohuwarka shekarar 1984. Damina ta ƙi, rumbu ya zama ɗakin ɓera. Ga shi tun watan Afirilu gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyaka, hatsin kudu da muka saba saye ya daina shigowa. Har yau ana kiran yunwar nan El Buhari. Ba fari muka ba sunan ba, mun ba wanda ya rufe ƙofa. Amma a shekarar nan ma talakan Sakkwato da na Kano bai rufe tasa ba. Matanmu da yaranmu da suka bi ta daji suka ƙetara, a zaurukan mutane suka kwana, a ƙofofinsu suka yi daka da wankau suka samu na tuwo. Waɗanda suka zauna gida kuwa, me ya riƙe su? Furojen Keita ne, da aka fara a shekarar da kuɗin Italiya da hannun FAO da PAM. Maza sun tafi biɗa, mata suka ɗauki duwatsu a kai suna aikin gandari bisa fako, ana biyansu da abinci. Itatuwa miliyoyin da ke tsaye yau a tuddanmu, da abincin baƙo aka dasa su. Wanda ya tashi da wannan tuwo a cikinsa, da wane baki zai ce kada a ba wani?

Za ka ce mini: malam, duk mun ji, amma tiyar hatsi ta yi tsada. Gaskiya ne ta yi. Sai dai ka duba abin da ya faru a shekarun. Nijeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Daminar 2021 ta yi gardama a ƙasa duka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka aza mana takunkumi, iyakar Ƙwanni ta zauna a rufe har watan Maris na 2024. Ga kuma gonakin Sabon Birni da Isa da aka hana nomawa, waɗanda dā hatsinsu ke cika kasuwannin bakin iyaka. Sannan ga mai kuɗin da ke saye da kaka ya kulle mangaza, ba ya buɗewa sai bazara ta yi tsanani. Duk ka tsallake waɗannan, ka je ka kama matar da ke sayen rabin tiya?

Maganar ruwa da itace kam, akwai ta. Rijiyar da aka gina don gida ɗari ba ta ɗaukar ɗari uku, kuma bedin da aka jera a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska, ba a dasa shi don murhu ba. Maganinta a ƙara rijiya, a tsara saran itace. Wannan aikin magajin gari ne da masu gari, a matsa musu.

Saura maganar tsaro, wadda ta fi tsorata mutane. Ba na musun cewa satar mutane ta ƙetaro, ƙasar Madawa da ta Ƙwanni sun ɗanɗana. Ba na musun akwai masu kai rahoto. Amma ka yi tunani. Wa ya san Alhaji wane ya sayar da albasa jiya, kuma a ɗakin da yake kwana? Baƙuwar da ko hanyar rijiya sai an nuna mata? Ɓarawon gida shi ke nuna wa na waje ƙofa. Man da baburan daji ke sha, wani ne ke kai shi a jarka. Bindigogin da suka watsu bayan faɗuwar Gaddafi, ba ta sama suka bi suka sauka a Zamfara ba. Saniyar da aka kawo kasuwa a rabin kuɗinta, wanda ya saya bai tambayi mai ita ba don ya riga ya sani. In za a kai ƙara wurin jandarma, a fara da waɗannan, kowane ne ubansu.

Akwai kuma masu zagin baƙi da rana, su ci da su da dare. Mai garkar albasar da ke ɗaukar ɗan gudun hijira aiki ya biya shi rabin ladan ɗan gari, don ya san ba shi da wurin kai kuka. Mai gemun da ke zuwa neman yarinya ƴar shekara 13 da sadakin da bai kai kuɗin akuya ba, ya ce taimakon uwarta yake yi. Wanda ke cusa sunayen ƴan gidansa a takardar rabo, mai haƙƙi ta zo a ce babu sunanta. Ita ba ta iya karanta takardar ba, an ce ta dangwala yatsa ta dangwala, ba ta san kilo nawa aka rubuta ba. Kai da ka yi yaƙi da jahilci har kake karanta jaridar nan, ranar rabo wurinka yana nan kusa da ma'auni. Ka karanta mata katinta da ƙarfi kowa ya ji.

Kada kuma wani ya ce alfarma ake yi musu. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969, da aka yi a Adis Ababa, ta hana a mai da mai gudun tsira inda zai halaka, kuma Nijar na cikinta. A watan Disamba na 2018 ƙasarmu ta kafa dokar kare waɗanda rikici ya raba da gidajensu a cikin gida. A jahar Maraɗi an janye dubban baƙi daga bakin iyaka aka zaunar da su a Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakwari, aka yi famfo da lakwal da ɗakin likita, ƴan gari ma suna amfana. Amma taimakon waje ja da baya yake yi, musamman tun da Amurka ta yanke nata a 2025. Abin da ya rage zai faɗo bisa gari ne: aron gona kafin ruwan shuka, wurin zama a lakwal ga yaron da ya fara boko da Ingilishi, lada daidai da na kowa.

Akwai wani abu ƙarami da ba ya cin ko dala. Tun 2021 ana haihuwa a zaurukan nan na ƙasar Bangi. Yaron da ba a rubuta ba, gobe Nijeriya za ta ce ba ta san shi ba, Nijar ta ce ba nata ba ne, ba jarrabawa, ba kati, ba tafiya. In wa'adin rubutawa ya wuce, sai an je gaban alƙali da shaidu, uwar kuwa ko hanyar ofishin ba ta sani ba. In an haihu a gidan da ke kusa da kai, ka ɗauki uban ko kakar, ku je wurin mai rubuta haihuwa tun kafin a yanka ragon suna.