Santsin Allo da Tsabtar Ruwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mashigar jiragen ruwa ta Abomey-Calavi, inda kwalekwale ke ɗibar mutane zuwa Ganvié a tsakiyar tafkin Nokoué, ya san cewa gudun jirgi ba daga ƙarfin damtsen matuƙi kaɗai yake zuwa ba. Jirgin da gansakuka ta lulluɓe ƙasansa nauyi yake yi, wanda aka kankare aka shafe kuwa yanka ruwa yake cikin sauƙi. Wannan hikima ita ce kuma ginshiƙin wani wasa na ƙasashen sanyi, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara da allo guda, wasan da ya shiga gasar Olamfik a birnin Nagano na Japan a 1998.

Ana yin ƙasan allon zamiya da wata roba mai tauri. Yayin da allo ke gudu, gogayyarsa da dusar ƙanƙara kan haifar da ɗan siririn ruwa, kuma a kan wannan ruwa yake sulalewa. Idan ruwan ya yi kaɗan, allo ya cije. Idan ya yi yawa, ya tsotse allon kamar yadda taɓo ke riƙe takalmi. Saboda haka mai gyara kan narkar da kaki da dutsen guga, ya shimfiɗa shi, ya bari ya huce, sannan ya kankare rarar, ya bi da buroshi domin buɗe ƙananan layukan da ruwa ke bi ya fita. Akwai kakin tsananin sanyi mai tauri, akwai na ɗumi mai laushi. Gefen allon kuma ƙarfe ne, ana wasa shi da magagari domin ya kama ƙanƙara a kan kwana.

Tun daga shekarun 1980 aka fara zuba sinadarin fulorin cikin kakin gasa, domin ya fi kowane abu korar ruwa. Amma sinadaran, waɗanda ake kira PFAS, ba sa ruɓewa. Suna gogewa daga allo su zauna cikin dusar ƙanƙara, idan ta narke su gangara ƙorama da ƙasar noma. Binciken da aka yi a Suwidin da Norwe ya kuma same su da yawa a jinin masu sana'ar shafa kakin, waɗanda ke shaƙar hayaƙinsa. Hukumar wasannin zamiya ta duniya, FIS, ta yanke shawarar haramta shi a 2019, haramcin kuma ya fara aiki sosai a kakar 2023/2024. A watan Oktoba na 2023, a Sölden ta ƙasar Ostiriya, aka kori 'yar tseren Norwe Ragnhild Mowinckel daga gasa saboda an sami fulorin a katakon zamiyarta.

Masu sukar haramcin suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. An yi ta ɗage dokar ne saboda na'urar gwajin ba ta gamsar ba, sannan tsohon buroshi guda kan iya gurɓata allo, a hukunta ɗan wasa kan laifin da bai sani ba. Sai dai wannan dalili ne na gyara na'ura da tsabtace kayan aiki, bai isa ya halatta guba ba. Fifikon da fulorin ke bayarwa ɗan ƙiftawar ido ne, kuma idan kowa ya shafa, babu wanda ya fi wani. Abin da ya rage shi ne tsada, da ruwan da ya gurɓata har bayan an manta sunan wanda ya ci kofin. Garin gyaran gira ke nan aka rasa ido.

Ba wannan ne karon farko ba. An daɗe ana shafa wa ƙasan jiragen teku wani fenti mai sinadarin TBT domin hana halittun ruwa maƙalewa, jirgi ya ƙara gudu, ya rage shan mai. Fentin ya yi aikinsa, amma ya lalata kiwon kawa a Arcachon ta Faransa, har gwamnatin ƙasar ta hana ƙananan jirage amfani da shi a 1982. Yarjejeniyar duniya da ta haramta shi ta fara aiki a 2008.

A nan ne zancen ya dawo gida. Tafkin Nokoué yana cikin dausayin da aka sanya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar tun 2000, kuma mashigin da ya haɗa shi da teku ya ratsa Kwatano ta gefen kasuwar Dantokpa. Kifin da ake kamawa a cikinsa shi ne ke shiga tukunyar mutanen gari, har da ta Hausawan unguwar Zango. Duk abin da aka shafa wa ƙasan jirgi, fenti ne ko baƙin mai, da duk abin da inji ya zubar, ruwan nan zai koma, daga ruwa zuwa cikin kifi, daga kifi zuwa akushi.

Don haka hukumar zamiya ta yi daidai, kuma darasinta ya shafi wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Haramcin bai kashe wasan ba, ya dai mayar da nasara hannun gwanin da ya iya karanta yanayi, ya zaɓi kakin da ya dace, ya daidaita kaifin allo. Haka ma matuƙin da ke jawo jirginsa tudu ya kankare shi da hannu: ya sami gudunsa, bai ci bashin 'ya'yansa ba. Ruwan da mutum ke gudu a kansa yau, shi zai sha gobe.